Madara a Idon Kwikwiyo

Babana mai walda ne, kuma a duk tsawon rayuwarsa bai taɓa yarda akwai ciwon idon da ya fi ƙarfin gwangwanin madara ba. Ni ce 'yarsa ta fari, tela ce, shagona yana kan layi ɗaya da nasa, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Tun yana saurayi ya koyi aikin a wurin wani mai gyaran tankin mota. Da ya iya, ya sayi tsohon injin walda, ya kafa rumfar kwano a ƙarshen layi, rumfar ta zama shago. Rabin ƙofofi da tagogin layinmu hannunsa ne. Idan muna tafiya tare sai ya tsaya a bakin gidan mutane ya girgiza musu ƙofa, ya ce, “Kin gani? Ko motsi.” Masu gida sun saba, ba sa ma leƙowa.

Da mahaifinsu ya rasu, shi ya ɗauki ƙanensa, Baffa, ya raine shi, ya koya masa riƙe sandar walda, ya yi masa aure. Baffa bai kai shi hannu ba, amma ya fi shi baki. Shi ke magana da masu kawo aiki, shi ke riƙe waya, shi ke dariya a inda ya kamata a yi dariya. Baba kuwa idan ka ce masa ga yadda kake son tagarka, zai gaya maka dalilin da ya sa ba ka san taga ba.

Baba bai taɓa rufe fuska yana aiki ba. Wani ɗan ɓallin baƙin gilashi yake riƙewa da yatsu biyu, wani lokacin ma kawar da kai kawai yake yi ya runtse ido. Da yamma ya dawo gida idanu jawur, suna zubar da ruwa, yana cewa kamar an watsa masa yashi. Inna ta huda gwangwanin madara da ƙusa, ta ɗiga masa, ta ɗora jiƙaƙƙen tsumma, a rufe taga, a hana mu hayaniya. Gari na wayewa ya tashi garau. Haka muka taso muna gani, kuma kullum yana warkewa, to wa zai ce masa ba madarar ba ce?

Sai ga shi a 'yan shekarun nan wani abu ya zo wanda ba ya ja, ba ya ruwa, ba ya zafi. Baba ya fara yin tuntuɓe da abin da ke gefensa. Ya buge kafaɗa da bakin ƙofar da shi da kansa ya ƙera. Mutum ya tsaya a damansa yana gaishe shi, sai ya juyo da fuska gaba ɗaya kafin ya san ko wane ne. Ya ƙara yawan madara. A shago aka fara dawo da aiki: nan ƙofa ta karkace, can taga ta ƙi rufuwa. Baffa ya fara cewa, a hankali, da ladabi, “Yaya, ai ka yi naka. Ka zauna ka riƙa duba mana, mu mu yi.” Baba ya san abin da ake nufi da a zauna a riƙa dubawa. Ya san ranar da ya ajiye sandar nan, shagon ya tashi daga nasa, kuma ba shi da wani wuri a duniya da ya san yadda ake zama a cikinsa. Don haka ya riƙe teburinsa kam, kowace safiya shi ke fara zuwa, don kada ya tarar da wani a kai.

Akwai wata karya a shagon. Ba wanda ya kawo ta, ita ta kawo kanta, ta rame, launinta irin na tsohon ƙarfe, aka sa mata Tsatsa. Ta biya kuɗin zamanta da haushi, don tun zuwanta ba a sake satar rodi ba. Wata safiya Baba ya ji ƙananan koke-koke a bayan teburinsa, ƙarƙashin tulin langa-langa. Tsatsa ta haihu.

Mutumin da Inna ta rantse bai taɓa ɗaukar ɗayanmu ba sai da muka fara zama, shi na tarar durƙushe a ƙasa, gwiwa cikin garin ƙarfe, yana shafa kwiyakwiyi da bayan yatsa. Ya kira ni in gani. Duk idanunsu a liƙe, kunnuwa a toshe, suna ta laluben nono da hanci.

“Kin ga idon nan?” ya ce. “Ba a gama aikinsa ba, shi ya sa aka rufe. Daga ciki ake ƙarasawa. Kada wanda ya sa hannu ya ce zai buɗe. Da kansa zai tsage, ta wajen hanci, nan da mako biyu haka. Kuma in ya buɗe ba ya son haske.”

A nan gaskiyarsa ce, daga baya likita ma ta faɗi haka. Ya kafa doka: ba a kunna walda a wannan ɓangaren sai kwiyakwiyi sun yi wayo. Ya haɗa shinge da guntayen kwano da buhuna, ya kewaye su. Shi kansa ya ja aikinsa zuwa bakin titi, yana yi cikin rana.

Matsalar ita ce Baffa ya karɓo babban aiki, tagogin wani dogon gini, kuma ana matsa masa. Ƙarafa sun cika shago, ba wurin juyawa, ga kusan kashi ɗaya cikin uku na filin an ba karya da 'ya'yanta. Ya yi haƙuri na ɗan lokaci. Ranar da Baba ya raka Inna dubiyar 'yar uwarta a asibiti, Baffa ya janye shingen, ya sa aka yi aiki a wurin yini guda, da yamma ya mayar da shi. Bai mayar daidai ba, kuma Baba ko ba ya gani sosai, hannunsa ya san yadda ya ɗaure abu.

Washegari ƙaramin cikinsu, wani baƙi mai fari a ƙirji, ya tashi da ido a kumbure, kamar an cusa masa ƙwayar wake a ƙarƙashin fatar. Baba ya shafa, ya ji, ya miƙe. Ihunsa ne ya fito da ni daga shago da almakashi a hannu.

“Wuta ta shiga idonsa! Ka kunna walda a kansu!”

“Yaya, ka yi magana a hankali, da mutane.”

“Su ji! Ni na raine ka, ban taɓa bari ka kalli wuta ba gilashi ba. Ni ina ƙona nawa, kai ina kare naka. Yau ka makantar da abin da ko duniya bai gani ba, saboda taga!”

Baffa ya ajiye abin da ke hannunsa. Na san shi da haɗiye magana, amma ranar ta ƙi haɗiyuwa.

“Idonsa a rufe yake, ta ina wutar ta shiga? Yaya, ba idon kare ne ya lalace a shagon nan ba. Naka ne. Ka san ƙofa nawa nake yankewa in sake haɗawa bayan ka tafi gida? Ka san haƙuri nawa nake bayarwa a bayan idonka? Kowa a nan ya sani, kunya ce ta hana a faɗa.”

Ma'aikata suka sunkuyar da kai. Mai shayin da ke tsallaken titi ya daina juya cokali. Baba ya tsaya yana juya fuska daga wannan zuwa wancan, don ba ya iya ganinsu gaba ɗaya, kuma ba wanda ya ce ƙarya ne.

Ya nemi kwali, ya kwashe kwiyakwiyin, Tsatsa na biye da shi tana kuka. A bakin shago ya juyo ya ce, “Ba zan sake taka nan ba sai ka zo har gida ka ba ni haƙuri.” Ya faɗa ne da tabbacin wanda ya san kafin la'asar za a zo. Ni kuwa da na kalli fuskar Baffa, abin da na gani a kanta ba nadama ba ce, sauƙi ne.

Inna ta ce kare ba zai kwana a gidanta ba ko da sama za ta faɗo, saboda haka ɗakin ajiyar da ke bayan shagona ya zama asibiti. Baba ya toshe tagar da kwali. Ya sayo madara, ya huda, ya riƙa ɗiga wa kwikwiyon a kan rufaffen idon, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi, ya zauna a kan buhun guntayen yadi cikin duhu yana jira. Abu biyu yake jira: kumburi ya saɓe, Baffa ya zo. Duk lokacin da aka yi sallama a shagona sai in ji ya gyara zama.

Sauran kwiyakwiyin suka fara buɗe ido, yadda ya ce, ta wajen hanci, kaɗan-kaɗan. Idanun suka fito shuɗi-shuɗi, dishi-dishi, suna kallon kome ba su gane kome ba. Na ce masa, “Baba, sun buɗe.” Ya ɗaga ɗaya har kusa da hancinsa, ya ce, “Na gani,” ni kuma ban tambaye shi abin da ya gani ba.

Ƙaramin kuwa kumburi ya haye ɗaya idon. Kwantsa ta bushe a gefe, madara ta yi tsami a gashinsa, tururuwa ta gano hanya. Ya rage shan nono. Ɗakin ya fara wani wari da ya shiga har cikin yadin mutane.

“Baba, mu kai shi wurin likitan dabbobi.”

“Likitan ya taɓa riƙe walda? Wannan ciwon namu ne, mu muka san shi.”

“Naku yana warkewa kafin safiya. Wannan ya kusa mako.”

“Jariri ne, jikinsa bai yi ƙwari ba.”

Halinsa na gada, kuma ranar na nuna masa. Na rufe shago, na tare mota, na naɗe kwikwiyon a tsumma, na ce ko ya biyo ni ko ya zauna. Ya biyo ni, yana faɗa tun daga layinmu har bakin asibitin, wai ya haifi wadda za ta koya masa ido.

Likitar wata matashiya ce mai sanyin murya. Ta shinshina tsumman, ta kalle mu.

“Me kuka sa masa?”

“Madara,” in ji Baba, da ƙarfinsa. “Hasken walda ne ya shige shi.”

Ta ɗora kwikwiyon a kan tebur. Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ta riƙa dannawa a hankali har fatar ta yi laushi, sannan ta raba ta da yatsu, sannu-sannu. Abin da ya fito ba zan kwatanta ba, sai da na kawar da kai. Ta wanke, ta haska, ta daɗe tana dubawa.

“Baba, wannan ba haske ba ne,” ta ce. “Ƙwayar cuta ce ta shiga ƙarƙashin fatar tun kafin idon ya buɗe, mugunya ta taru ba ta da hanyar fita. Yana faruwa ko a gidan da ba a taɓa kunna walda ba. Gaskiya ne ba a buɗe musu ido da ƙarfi, amma idan ya kumbura, wannan kam dole a kawo a buɗe a wanke. Da kun zo ranar da ya fara, da duka biyun sun tsira. Na hagu ya riga ya mutu. Na dama za mu gwada.”

“Ba wuta ba ce?”

“Ba ita ba ce.”

“Amma an yi walda a kansu yini guda.”

“Ko da an yi, ba ita ta kawo wannan ba. Madarar kuma abinci ta zame wa cutar.”

Ta miƙo masa kwikwiyon daga gefe. Baba ya miƙa hannu gaba, inda ba kome. Likitar ta tsaya. Ta ba ni kwikwiyon, ta koma damansa, ta ɗaga hannu tana kaɗawa dab da kunnensa.

“Baba, ka kalli gabanka. Kana ganin hannuna?”

“Wane hannu?”

Ta ce ita ta dabbobi ce, ba za ta faɗi abin da ba fanninta ba, amma kada mu kwana biyu ba mu je asibitin ido ba.

Washegari muka je. Aka ɗiga, aka auna, aka sa shi ya leƙa cikin na'ura. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa daga gefe zuwa tsakiya ba tare da zafi ba, yanzu abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta bututu ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage za a iya riƙe shi da magani, safe da yamma, har ƙarshen rai. Baba ya yi tambayarsa ta jiya, ko wuta ce, aka ba shi amsar jiya. Likitan ya ƙara da cewa da an zo shekarun baya, da wani zance ake yi. Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Haushinsa nake ji, ina jin haushin Inna da ƙusarta, ina jin haushin Baffa da ya ga abin tun tuni ya zaɓi ya riƙa gyara ƙofofi a ɓoye maimakon ya kama hannun yayansa ya kai shi asibiti.

Baba yana da taurin kai, amma ba ya cin haƙƙin mutum ya kwanta a kai. Bayan 'yan kwanaki ya ce, “Na yi wa ƙanena ƙazafi a gaban jama'a. A gaban jama'a zan janye.” Da safe ya fito, na ga ya sa kayan aikinsa, shuɗin wando da rigar nan mai ƙunar tartsatsi, Inna ta wanke ta goge. Na gane lissafinsa. Zai ba da haƙuri, Baffa ya ba da nasa, a rungume juna, sannan ya koma teburinsa, ko riƙe ƙarfe ne ya yi wani yana haɗawa.

Tun daga nesa Baffa ya hango mu. Ya taho da sauri, ya durƙusa har ƙasa.

“Yaya, ina kwana? Ya jiki? Na ji an je asibiti, wallahi aiki ne ya riƙe ni.”

“Na zo ne in ce maka, maganar kwikwiyon nan, ba kai ba ne. Na zalunce ka, ka...”

“Haba Yaya! Haba! Kai da za ka ba ni haƙuri? Ya wuce, wallahi ya wuce, ban riƙe ka da kome ba. Ku kawo wa Yaya kujera!”

Aka kawo kujera, farar roba, sabuwa. Baffa da hannunsa ya ajiye ta a waje, a inuwar bango, ta ba wa shagon baya, wai kada haske ya dame shi. Ya aika aka kawo lemo mai sanyi, ya danƙa masa. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya ce, “Ina zuwa, Yaya,” ya yi gefe yana dariya da mai tagogi.

Na leƙa ciki. An share inda Tsatsa ta haihu, an jera ƙarafa. A teburin Baba wani ƙaton mutum ne da ban taɓa gani ba, fuska a rufe da abin kariya, yana jan walda madaidaiciya. Na ƙi gaya wa Baba, amma kunnensa lafiya lau yake, kuma ya san daga wace kusurwa ƙarar ke fitowa.

Muka zauna. Lemon ya huce a hannunsa. Baffa ya gama waya ɗaya ya shiga wata. Can sabon mutumin ya ɗaga abin fuskarsa, shi da wani suka ɗauko taga za su fito da ita, suka tarar da kujera a hanya.

“Sannu Baba, ɗan matsa mana kaɗan,” ya ce, da ladabinsa. “Wa kake jira ne? In kira maka shi?”

Baba ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ya daɗe yana kallon mutumin ta ɗan abin da ya rage masa.

“Ba kowa,” ya ce.

Ya ajiye kwalbar a ƙasa ba a buɗe ba, ya miƙe, ya ja musu kujerar da kansa. Baffa ya ɗago mana hannu daga inda yake, wayar na kunnensa. Baba bai gani ba, don a gefe yake.

Da muka isa shagona ya shiga ɗakin ajiya ya rufe. Na ji kwiyakwiyin sun taso masa, har da ƙaramin mai ido ɗaya, wanda ya fara samun ƙarfi. Jim kaɗan ya fito da singileti da zanen da nake rufe keken ɗinki da shi ɗaure a ƙugu, kayan aikin a ninke a hannunsa. Ya ɗora su a kan teburin yanka.

“Ke tela ce,” ya ce. “Ki yanka, ki yi musu shimfiɗa. Simintin nan da sanyi.”

Na ce masa akwai guntayen yadi buhu guda. Ya ce ya sani, waɗannan yake so. Ya tsaya a kaina har sai da ya ji almakashi ya shiga.